Jinin Barira Yana Ƙetaren Titi

Zuwa ga Alhaji, shugaban ƙungiyar sa-kai ta masu kyautar jini a Sabon Gari, Maraɗi.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan iyali da kasuwa lafiya. Ba ka san ni ba. Sunana Hadiza, malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a Jiratawa, yayar Barira wadda aka kai makwancinta makonni biyu bayan Sallar Layya. Na sa wannan takarda a fesbuk da gangan, wurin da ka haramta wa ƙungiyarku, don na tabbata kai kana leƙawa.

Na farko, abin da ya faru. Ranar Talata da hantsi Barira ta haihu, jini ya ɓalle, muka ɗauko ta zuwa asibitin Maraɗi. Likitoci sun yi iya yinsu, ba ni da ta cewa a kansu. Suka ce jininta irin mai wuyar samu ne, wanda ke ajiye ya ƙare, mu nemo mai bayarwa maza. An auna ni, an auna mijinta da ƙannenmu biyu, babu wanda ya dace. Na tsaya bakin ƙofa da salula a hannu, na rubuta "masu ba da jini Maraɗi" da Hausa, na rubuta da Faransanci, na watsa a kowane guruf na wasap da nake ciki. Na samu masu saida atamfa, na samu masu maganin basir. Ku ban same ku ba. Ana kiran la'asar ta cika.

Na biyu. Ran sadakar uku wani tela, Malam Isa, abokin mijinta, ya zo gaisuwa. Da ya ji irin jinin sai ya dafe kai, namiji da gemunsa yana kuka kamar ɗan yaye. Irin jininsa ke nan. Shagonsa yana ƙetaren titin asibitin, ranar yana ciki tun safe yana ɗinka rigar wani ango. Shi ne sakataren ƙungiyarku. Daga bakinsa na fara jin akwai ku a duniya, kuna da littafi cike da sunayen masu bayarwa da irin jinin kowa. Ya ce ya taɓa buɗe muku shafi a fesbuk da lambar waya, ka tsare shi cikin azumi ka sa ya goge, wai alherin da aka yi wa shela ya zama riya, wanda Allah ya nufa zai same ku.

To Alhaji, ba mu same ku ba. Ko mu ne Allah bai nufa ba?

Na uku, kuma nan ne abin ke ci mini rai. Na duba shafin kantinka. Tabɗi! Shinkafa ta iso daga Kwatano, hoto. Mai ya sauka, hoto. Kai kanka cikin babbar riga gaban sito, lambar waya uku rangaɗa-rangaɗa ƙarƙashinka don kada mai saye ya sha wahala. Taliya ta cancanci a same ta cikin minti ɗaya, jinin mutum kuwa sai an yi duba. Malaman da suka ce a ɓoye sadaka, mai bayarwa suka ce ya ɓoye kansa. Ban taɓa jin wanda ya ce a haƙa rijiya a rufe bakinta da tabarma don kada masu ƙishi su yi godiya ba. Kai ladarka kake tattali, kamar hajar da kake jira ta yi tsada, matan mutane kuma suna zubar da jini.

Kada wani ya karanta mini ajali. Na sani, na yarda, kwananta ne ya ƙare. Amma kowace mutuwa da sanadinta, ni kuwa na ga sanadin wannan, har hotonsa na gani gaban sito.

Ga buƙatuna. A maido shafin cikin makon nan. Kada a sa hotonka, kada a sa sunan kowa, tunda riya kake gudu: sunan ƙungiya, unguwa, da lambar da za a ɗauka in an kira. A manna lambar a ƙofar ɗakin haihuwa na Tsibiri da na Jiratawa. In kuma zuciyarka ba za ta iya ba, ka sauka ka ba Malam Isa littafin.

Buhun shinkafar da aka ajiye mana a zaure ba tare da an faɗi mai shi ba, na mayar kantinka a kan kabu-kabu. Ka ɓoye sunanka, sai dai ka manta tambarin kantin yana jikin buhun, har da lambar waya.

Allah ya ƙara maka arziki da tsawon rai, ya raba 'ya'yanka mata da tsayuwar da na yi a bakin ƙofar nan. Jaririyar ta rayu, an mayar mata da sunan uwarta. Ranar da ta tambaye ni, zan kai ta ta ƙidaya takun da ke tsakanin gadon da uwarta ta mutu da shagon Malam Isa. Ni na riga na ƙidaya.

Wassalam.

Hadiza, yayar Barira, Jiratawa.