Ƙofar da Zailani Ya Gina a Baibai

Anti Ikilima, don Allah ki ba ni shawara kafin in aikata abin da zuciyata ke kitsa min, don hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Ni 'yar Kabo ce, kwamfuta na karanta. Mu kaɗan, 'yan Kabo da Gwarzo, muka haɗu muka ƙera wani ɗan akwati da ake maƙalawa a rijiyar burtsatse mai sola. Shi ke kunna injin idan ruwan tanki ya yi ƙasa, ya kashe shi idan ya cika. A cikinsa akwai uwar manhaja, wadda muke ce wa kanel. Ita kaɗai ke magana da injin, sauran manhajoji sai sun ƙwanƙwasa ƙofarta sun tambaya. Yawancinta ni na rubuta.

Ƙofa ɗaya tak abokin aikinmu Zailani ya rubuta, ta tambayar ruwan tanki, kuma a baibai ya yi ta. Maimakon ta faɗi yawan ruwan da ke ciki, sai ta faɗi gurbin da ya rage. Ɗari na nufin tanki wayam, sifili na nufin ya cika. Tun a lokacin na ce masa mu gyara, ya ce ni dai na cika ƙaƙale. A kan wannan karkatacciyar ƙofa ya ɗora manhajarsa mai yanke lokacin da za a kunna injin, ya bi Gude da Dugabau da Sabon Birni yana kakkafawa.

Wannan duk ban riƙe shi da shi ba. Abin da ya tsaya min a wuya daban ne. A sana'armu, duk wanda ya rubuta abu ana barin sunansa a samansa, ko da ya bar aikin. Ranar da aka yi taron nuna akwatin a Gwarzo, Zailani ya haska aikin a bango, na duba inda sunana yake na ga ya share. Da ya zo gabatar da mu, sai ya ce ga ƙanwarsu mai taya su buga takardu. Anti, Babana yana zaune a wurin, ya sha babbar rigarsa ta Juma'a, ya gayyato abokansa su ga aikin 'yarsa. Har muka koma Kabo bai ce min uffan ba. Ni wannan shirun ne ba zan yafe ba.

To yanzu Allah ya kawo ni. 'Yan ƙungiyarmu sun damƙa min kanel ɗin, ba gyaran da zai shiga sai da yardata, kuma da na saki gyara akwatunan da kansu suke ɗauka. Ina so in miƙe ƙofar nan, ɗari ta zama cikakken tanki kamar yadda kowane mai hankali zai zata. Hujja kuwa ina da ita: Ja'afar, sabon da ya shigo cikinmu, ya karanta lambar yadda ta dace, tankin wata Islamiyya ya yi ta ambaliya har ya zubar da katanga. Ba wanda zai ce ban yi daidai ba.

Amma ke ba zan ɓoye miki ba. Na san da na miƙe ta, manhajar Zailani za ta ga busasshen tanki ta ɗauka ya cika, ta ƙi kunna injin. Zan sanar a zaurenmu na waya, don na san tun da ya koma Kano ya zama babban mutum ba ya leƙawa. Ina so wayarsa ta yi ta ƙara har ya rasa inda zai sa kansa. Ko gwaggona Badi'a da ke Gude, kullum ta buɗe famfo sai ta sa wa wanda ya yi wannan abu albarka, ba ta san 'yar ƙaninta ce ba. Shi ke kwashe har addu'ar. Laifi ne in bar shi ya girbi abin da ya rubuta da hannunsa?

Wadda aka share sunanta, Kabo

'Yata,

An zalunce ki, wannan ba sai an kai ruwa rana ba. Share sunan mutum daga aikinsa cin amana ne, yin sa a gaban mahaifinsa kuma ya ƙara muni. Kuma kina da gaskiya a kan ƙofar: abin da zai ruɗi duk sabon da ya zo bai kamata a yi ta lallaɓa shi har abada ba. Katangar Islamiyya ta ishe mu shaida.

Sai dai tambayoyi biyu kika ƙulle a ƙulli ɗaya. Ki kwance su.

Ta farko ta aiki ce. Ƙofar da mutane suka riga suka saba shiga ta zama alkawari, ko da a karkace aka gina ta. Ki bar ta yadda take, ki rubuta gargaɗi a kanta ɓaro-ɓaro cewa a baibai take ƙirga. Ki buɗe sabuwa a gefenta, mai suna da ma'ana a fili, ki ce duk sabon aiki ta nan zai bi. Tsohuwar ba za a toshe ta ba sai akwati na ƙarshe ya daina bin ta. Shi kuma Zailani ki kira shi da bakinki ki faɗa masa. Sanarwar da kika ajiye a inda kika san ba zai gani ba tarko ce, kin kuma sani.

Ta biyu ta haƙƙinki ce. Ki tara 'yan ƙungiyar da suka ga wahalarki, ki nemi a mayar da sunanki, kuma Zailani ya je har Kabo ya gyara maganarsa a gaban Babanki. Ki tsaya a kan wannan, kada ki sassauta. Tun da yanzu ba gyaran da zai wuce sai ta hannunki, zai zo.

Ki kuma sake karanta wasiƙarki. Ranar da famfo ya ƙafe, Zailani yana Kano da ruwan gora a gabansa, iyakarsa ya kashe waya. Gwaggonki ce za ta murɗa famfo ta ji iska, ta ɗauki jarka da tsufanta ta nufi rafi. A hanya za ta ja wa wanda ya yi wannan abu Allah ya isa. Albarkar da take sawa kullum, Allah ya san mai ita ko an share suna. Wannan ma zai san mai ita.

Allah ya huce zuciyarki, ya mayar miki da sunanki, ya bar ki da addu'ar gwaggonki.

Anti Ikilima