Ni Na Rage Lissafin Jifan Ɗana, Amma Kocinsa Ake Tuhuma

Assalamu alaikum Anti, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Don Allah ki ɓoye sunana, kuma 'yan uwa a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Duk zagin da za a yi mini na riga na yi wa kaina wanda ya fi shi. Shawara nake nema.

Ni uwa ce, shekarata goma sha tara a Landan, muna zaune a unguwar Stratford, ina aiki a ofishin council, wato ƙaramar hukuma. 'Ya'yana uku, babban namiji ne ɗan shekara sha shida, zan kira shi Sadik duk da ba sunansa ba ne. Tun yana da shekara sha ɗaya ya shiga wasan baseball, wani ɗan ajinsu da suka zo daga Amurka ne ya ja shi. Ga wanda bai san wasan ba, ɗaya yana jefa ƙwallo da iya ƙarfinsa, ɗaya yana ƙoƙarin dukanta da sanda. Sadik mai jifa ne, kuma Allah ya ba shi hannu. To da yake jifan yana cin gwiwar hannu, akwai doka: mai shekarunsa ba zai wuce jifa casa'in da biyar a wasa ɗaya ba, in ya yi da yawa kuma sai ya huta kwanaki. Iyaye ne suke ƙirgawa da wani ɗan ƙarfe da ake dannawa da babban yatsa. Shekara biyu ke nan ni nake riƙe da na ƙungiyarsu, don ba na fashin wasa, kuma kocinsu ya yarda da ni. Dattijo ne ɗan asalin Jamaika, zan kira shi Mista Denis, ya fi shekara ashirin yana koyar da yara ba a biyansa ko sisi.

Bari na faɗi gaskiyar abin da ya ja ni. Dangin mijina da ke nan masu hali ne, 'ya'yansu suna manyan makarantu, mu kuma muna lallaɓawa. Duk haɗuwar Sallah sai yayarsa ta ce, "Maman Sadik, har yanzu ɗan namu yana nan yana jifan ƙwallo?" a yi dariya, ni ma na yi, amma raina yana ƙuna. Da na ji cewa akwai jami'o'in Amurka da suke ɗaukar nauyin karatun masu irin wannan wasa, sai abin ya zauna mini a rai. Ina so wata rana na buɗe baki a gaban matan nan na faɗa. Ba na ce ba na son ɗana ba, amma in na duba zuciyata da kyau, rabin burin nan nawa ne, ba nasa ba.

A bazarar da ta wuce aka ce wani mutum zai zo wasansu na ranar Asabar, yana zaɓen yaran da za a kai gwaji Amurka. Ranar Alhamis na kai Sadik filin park na ɗauke shi bidiyo yana jifa don mu tura wa mutumin, ina ta cewa ya sake, wannan bai fito da kyau ba, ya sake, har ya yi jifa kusan arba'in. Ban faɗa wa koci ba, don na san zai ce ya huta. Ranar Juma'a da na dawo daga aiki na same shi a kicin ya ɗora ledar ƙanƙara a gwiwar hannunsa. Na ce, "Sadik, ciwo yake yi?" Ya amsa da Turanci kamar yadda ya saba, "I'm fine, Mum." Na ga yadda ya kawar da kai. Uwa ce ni, ta yaya zan ce ban gane ba? Amma na juya na ɗora tukunya.

Ranar Asabar wasa ya yi masa kyau ƙwarai. Mutumin yana zaune can gefe da hular rana da ɗan littafinsa, duk jifan da Sadik ya yi sai ya rubuta wani abu. Ni kuma ina dannawa, lamba tana hawa. Ɗaya ƙungiyar ma suna da nasu mai ƙirga jifan Sadik, amma ya zo da ƙaramar 'yarsa tana ta rigima, ya ce da ni lissafinsa ya ɓace, zai kwafi nawa a ƙarshe. Can Mista Denis ya waiwayo ya ce, "Nawa muke?" Tamanin da takwas ne a hannuna. Na rufe lambar da yatsa na ce, "Saba'in." Wallahi ban shirya ba, kawai na ji bakina ya faɗa. Ya ɗan tsaya yana kallon Sadik, ya ce, "Ya yi mini kamar ya gaji," na ce rana ce. Na ce a raina saura kaɗan wasan ya ƙare, ƙarin jifa goma me zai yi wa yaro mai ƙarfi kamar wannan? Da ya sake tambaya mun kai ɗari da huɗu, na ce tamanin da shida. Bayan jifa uku Sadik ya saki wata ƙara, ƙwallon ta tafi can wani waje, ya durƙusa ya riƙe gwiwar hannunsa. Kowa ya ruga wajensa. Ni kun san abin da na fara yi? Na murɗa ƙarfen na mayar da shi sifili, sannan na ruga. Wannan shi ne abin da ya fi hana ni sukuni. Ɗana yana ƙasa yana kuka, ni kaina na fara ceto.

A asibiti aka yi scan aka ce jijiyar gwiwar ta tsinke. An yi masa aiki, likita ya ce aƙalla shekara guda kafin a yi maganar jifa, kuma ba ya alkawarin hannun zai koma yadda yake. Ya tambayi jifa nawa ya yi a ranar, na ce tamanin da tara. Ya tambaya ko ya yi jifa a kwanakin kafin nan, Sadik ya kalle ni, ban ambaci jifan ranar Alhamis ba, shi ma bai ambata ba. Sati shida ina sa masa riga, ina yanka masa nama, ya rubuta jarrabawarsa ta mock da taimakon wani. Yaron da ba ya zama wuri ɗaya yanzu sai dai ya tsaya a taga.

Na ɗauka maganar ta mutu, sai ga shi wani uba ya ɗauki wasan gaba ɗaya a waya, aka zauna aka ƙirga, ɗari da bakwai. Masu shirya gasar suka dakatar da Mista Denis, suna zargin ya san an wuce ƙa'ida ya ƙyale don ya ci wasa. In suka tabbatar, ba zai sake koyar da yara ba. Mijina ya hau sama. Ya ce, "Maman Sadik, mutumin nan ya nakasa mini ɗa, wallahi sai na ga ƙarshen maganar nan." Har ya yi booking ɗin ganin lauya. Da ya tambaye ni yadda aka yi lissafina ya bambanta, na ce mai yiwuwa ƙarfen ne ya riƙa maƙalewa. Ya yarda nan take, shekara ashirin muna tare bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Makon jiya Mista Denis ya zo flat ɗinmu da rana, mijina yana wajen aiki. Ya kawo kati da yaran ƙungiyar suka sa wa hannu. Na kasa haɗa ido da shi. Da zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Na san kina damun kanki. Yatsa yana iya kuskure, kowa yana yi. Ni nake da ido, na ga ya gaji, ni ya kamata na cire shi. Ban ambaci sunanki ba, kuma ba zan ambata ba." Har haƙuri ya ba ni. Na rufe ƙofa na zauna a ƙasa, na daɗe ban iya tashi ba. Shin bai sani ba ne da gaske, ko ya sani yana rufa mini asiri? Ban san wanne ya fi ciwo ba.

Ina sallah ina istigfari, amma wane irin tuba ne wannan, alhali wanda na zalunta yana shirin rasa abin da ya ba rayuwarsa? In na faɗa kuma, da wane ido mijina zai kalle ni? Danginsa fa? Duk wannan zan iya haɗiyewa. Sadik ne ban san yadda zan yi da shi ba. Shi kansa yake zargi, yana cewa laifinsa ne da ya ɓoye ciwon. In ya ji cewa uwarsa tana kallon lambar tana hawa ta bar shi yana jifa, zai sake yarda da ni a rayuwarsa?

Ranar Laraba mai zuwa masu shirya gasar za su yi zaman yanke hukunci a kan Mista Denis, kuma an aiko mini takarda na rubuta abin da na sani. Jiya da safe ina haɗa masa shayi ya shigo kicin, ya yi mini magana da Hausa, abin da ba ya yi sai in magana ta kai masa wuya. Ya ce, "Mama, don Allah ki je ki gaya musu. Koci ya tambaye ki sau biyu, na gan shi. Ki ce musu bai sani ba." Na ce to. Ya rungume ni da hannu ɗaya ya ce ya gode.

Takardar tana nan a jakata, ban rubuta ko harafi ɗaya ba. In na ce kuskuren ƙarfe ne, mai yiwuwa koci ya tsira, ni ma na tsira, na ci gaba da zama da ɗana a kan ƙarya. In na faɗi gaskiya, wa zan fara gaya wa, mijina, ko kocin, ko yaron? 'Yan uwa, don girman Allah, me zan yi?