Gwiwar Dama, Ba Ta Hagu Ba

Yaya Khagendra,

Gaisuwa mai yawa daga Akron ta Amurka. Yaya jikin Mama? Ina fata su Anti Phulmaya da yara suna lafiya, kuma an gama girbin shinkafa.

Ni lafiya lau, kada ka damu. An yi min aikin gwiwar nan, sai dai likitan ya kuskure, ya buɗe ta dama ya bar ta hagun da ke ciwo. Ina takawa a hankali. Aikin sito ne dai na ajiye tukuna.

'Yata Srijana ta kai ni wajen wata lauya. Matar ta ce dokar jihar nan tana da wa'adi, idan ya wuce babu sauran ƙara. Na gaya mata likitan ya zo har bakin gadona, ya riƙe hannuna ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam Dilli," idonsa ya yi ja. Ta ce ta ji, amma gwiwar fa?

A mota Srijana ta ce, "Baba, kai ko ɓarawo ya shigo sai ka dafa masa shayi." Na yi dariya. Na yafe wa mutumin har zuciyata, amma na sa hannu a takardar ƙarar, domin da ƙafafun nan nake ciyar da gida.

Idan ka samu mai tahowa, ka ba shi sandar marigayi Baba ya kawo min. Ta asibiti ƙara take yi, kowa sai ya waiwayo.

Allah ya bar mu tare.

Ƙaninka,
Dilli