Kakin Baƙi a Igiyar Shanyarmu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufin asiri. Inna ta samu sauƙin ƙafar, har tana fitowa tsakar gida da sanda. Yara lafiya lau, sai dai na hana su zuwa makaranta, kuma dalilin ke nan na ɗauki biro.

Ka san tun da aka kawo sojojin ƙasar waje su koya wa namu yaƙi da mutanen daji, Baban yara ya samu aikin wanki da guga a sansaninsu. Ka kuma san halinsa. Baƙin suna da injin busar da kaya, amma ya ce kaki sai ya sha rana yake ɗaukar guga. Sai ya riƙa kwaso kayan yana shanyawa a igiya a saman shagon wankinsa da ke ƙofar gidanmu, inda duk mai wucewa zai gani. Na yi magana har na gaji, ya ce tsorona ya fi na farar kura.

Makon jiya wani ya tsaya da babur a ƙofar shagon, fuska a rufe. Bai kawo wanki ba. Ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya ce a gaida yara, ya ambaci sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Baban yara ya garzaya wajen babban baƙin. Ta bakin tafinta, babban nasu ya ce abin ya taɓa zuciyarsa ƙwarai, amma su masu ba da shawara ne, ba masu gadi ba. Shawarar kuwa ita ce ya riƙa sauya hanya in zai fita. Yaya, lungunmu da ka sani, hanya ɗaya gare shi. Suka haɗa masa da kyautar hula mai tutarsu, wai tukwicin iya guga. Wallahi raina ya ɓaci. Ƙarshen wata za su hau jirgi su koma gida, dama baƙo raɓa ne, mu ne a nan.

Roƙona shi ne ka ba Baban yara ɗakin nan da kake ajiye kaya ya koma can wajenka, kuma kai za ka kira shi da kanka, don yana jin nauyinka, ni kuwa ba ya jin maganata. Kada ka bari sai gobe. Shekaranjiya maƙwabta suka zo kowa ya karɓe kayansa, wasu a jiƙe, har da wanzamin da suke cin abinci tare. Ba wanda ya haɗa ido da mu, kuma ruwa ba ya tsami banza.

Ka gaida min matarka da 'yan biyu da Kawu, Allah ya raya. In ka kira, kada ka faɗa wa Inna komai. Ɗazu ta ɗaga kai ta tambaye ni me ya sa igiya ba kaya alhali ga rana, na ce mata hadari muke gudu.

Ƙanwarka,
Auta