Ƙararrawar Iya Radka

Yaya Mukaddes, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan gaya wa.

Ƙauyenmu na kan tsaunin Rodopi, dukanmu Turkawa ne Musulmi. Kirista ɗaya ta rage, maƙwabciyata Iya Radka. 'Yan uwanta wasu sun mutu, wasu suna Sifen. Tun ina amarya akwai 'yar ƙofa a katangar da ke tsakaninmu, ta nan ƙwanta na bikin Ista da take rinawa ja yake shigowa, baklawata, irin alkakinmu na Sallah, take fita. Yanzu ƙafarta ta ƙi, idonta ya dushe, ni nake share mata cocinsu.

Ran nan ina shara, tsintsiya ta sarƙe da igiyar ƙararrawa, na fizga. Sautin ya gangara kwari, ya bi ta kan gonakin taba cikin hazo, har shamuwa ta tashi. Wallahi sai na ga kamar hanya ta cika da mutanen da, mata da kyandir a hannu, yara na guje-guje. Da na dawo na tarar Iya Radka ta ɗaura ɗankwalin biki, tana cewa, “Nefise, kin ji? Mutanenmu sun dawo!” Na bar ta a kan haka. Yanzu kowace Lahadi tana zaune a taga tana jira.

Ƙanwar mijina, Zulbiye, wadda ba ta raina abin magana, ta ce, “Saura ki rataya kuros, Hajiya!” Ina tsoron Allah, Yaya. Amma shirun Lahadin nan yana cin raina. In kaɗa ko in bari?

Mai shara a tsauni

*

'Yar uwa, sharar nan haƙƙin maƙwabtaka ce, kada tsokanar Zulbiye ta hana ki barci. Amma tsoronki ma yana kan hanya: ƙararrawa kiran ibadarsu ce, ba taki ba. Ki tambayi limaminku, hankalinki ya kwanta.

Abin da ya fi damuna shi ne jiran. Kada ki bar tsohuwa tana zuba ido ga mutanen da ba za su zo ba. Ki zauna kusa da ita, ki riƙe hannunta, ki gaya mata tsintsiyarki ce. Za ta yi kuka, wataƙila ta yi dariya.

Sannan ki aro keken marasa lafiya a asibitin gunduma. Ƙafarta ce ta mutu, hannunta da sauransa. Ran Lahadi ke ki tura keken, ita ta ja igiyar.

Allah Ya bar ƙofar nan a buɗe.

Yaya Mukaddes