Inci Biyu da Yaya ta Ƙara

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni dai raina a ɓace yake.

Fankar lagireton da ka aiko ta iso, amma ta ƙi shiga motar Mama. Bakanike ya juya ta, ya kwantar, ya tayar, har ya ƙuje hannu. Shekara goma kana sayar da kayan mota, fankar uwarka ce za ta gagare ka? Ranar Alhamis motar ta sake tafasa cikin cunkoso a hanyar asibiti. Mama ta yi awa guda a bakin titi kan bencin wani mai shago, kafin mu isa likita ya tashi. Ko wadda ta yi kwantai a shagonka ka kakkaɓe ka turo mana? Zuwa ba ka zuwa, aiken ma sai ka ɓata.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, a duba min jikin Mama.

Maganar kwantai ta yi min ciwo. Fanka biyar na jona wa batir da hannuna, na zaɓi wadda ta fi jan iska, mai siririn jiki don kada ta taɓa inji. Takardarki tana gabana: inci goma sha shida. Abin da kika rubuta shi na aiko. Na ce bakanike ya auna, kika ce tela ba ta buƙatar a koya mata riƙon tef. Don Allah a sake aunawa, kuma ba ke ba.

Ƙaninki mai biyayya, duk da haka.

Auta,

Gaisuwa. Bakanike ya auna, sha huɗu ne, har yana min dariya a gaban mutane.

To, na ƙara biyu. Hannuna ne ya saba. Wa ke yanka abu cif-cif? Haka na riƙa yi wa rigunanka tun kana tatata, ban ji ka yi ƙorafi ba.

Alhamis ce ranar likita, kuma ba zan sake zaunar da Mama a titi ba. Kada ka aiko da sabuwar fankar, ka kawo ta da kanka. Jiya na ce Mama ta ba ni awonka in yi maka riga, ta ce ba ta san girmanka ba yanzu.

Ka huta lafiya.

Yayarka.