Muryar Inna da Taswirar Bassu

Zuwa ga ƙanena Bassu, a Rabat,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Mu nan sai godiya, dabino ma ya yi albarka bana.

Wasiƙarka ta iso. Na karanta na yi dariya, irin wadda ta fi kuka ciwo. Wai yanzu muryar Inna kake nema!

Ka manta ne, Dakta? Bara waccan ka zo da na'urarka ta ɗaukar murya kana zana taswirar harshenmu na Amazik: wannan kwarin Tamazit suke yi, wancan Tashelhit, kowa da iyakarsa. Tun da Inna ta ji kana tafe ta fito da azurfar aurenta ta goge ta saka, tana ta bitar waƙoƙin niƙa. Ta dafa maka kuskus, ka ci ka suɗe hannu, sannan ka ce, "Inna, ke ba za ki yi ba. Ƙa'idar aikin sai haifaffiyar gari. Ke aure ya kawo ki daga bayan dutse, bakinki ya gauraya." Ka shige maƙwabta ka kunna wa Lalla Ittu na'urar, muna jiyo dariyarku ta katanga.

Ka san abin da Inna ta ce mini tana cire azurfar? "Tuda, ashe da gurɓataccen baki na yi renonsa." Wallahi ban yafe maka wannan ba.

Yanzu ka ce ka je ƙauyen su Inna ka tarar da kango, fari ya watsa kowa, babu mai irin maganarsu sai ita. Wai taswirarka tana da giɓi, in shirya ta kana zuwa. Sannu da aiki!

To, ka zo. Ciwon da na aiko maka cewa ya kwantar da ita da azumi, ka ce kana wajen taro, shanyewar ɓarin jiki ne. Ya tafi da harshenta. Waƙoƙin niƙa sun tafi, tatsuniyoyin ƙauyensu sun tafi, ni kuma ban riƙe ko rabi ba.

Kalma ɗaya ta rage a bakinta, safe da yamma, idonta a ƙofa. Sunanka ne. Ka taho da na'urar ka ɗauka, sai ka duba kwarin da za ka saka ta.

Ka gaida gida. Allah ya kiyaye hanya.

Yayarka,
Tuda